Mai zuwa Ikko cin rani: abin da ya kamata shi sani kafin shi hau mota

Idan anka gama yankan hatsi, anka ɗaure dammai, anka zuba rumbu, sai tashoshin Tasawa da Mayahi su cika da samari. Kowa da ƴar jakarshi da tabarma. Wasu Agadas za su, wasu Kano, wasu kuwa sai bakin teku: Ikko, Kwatano, Lome, Akra, Abijan. Wanga al'amari ya daɗe. Damana wata 3 ce ko 4, sauran shekara duk rani ne, kuma rumbuna da yawa ba su kaiwa shibka ta gaba. Shi ya sa magidanci ke rage baki a gida, shi tafi shi nemo kuɗɗin hatsi da na tufafin iyali.

Amma tafiya bakin teku ta fi ƙarfin zuwa kasuwar Cadawa. Akwai wanda ya tafi ya komo da amalanke da sa. Akwai wanda ya komo da rigar wuyanshi kaɗai, damana kuma ta wuce shi.

A ƙasar Kanambakashe akwai wani magidanci da ya yi rani 14 a Ikko. Ya yi dako, ya yi ga-ruwa, ya yi gadi, daga baya ya kafa teburin shayi. Yanzu ya zauna gida, ƙannenshi da ɗiyanshi ke tafiya. Duk saurayin da za shi tafi daga garinsu sai ya biya ta wurinshi da dare ya ji shawara. Ga abin da yake faɗa musu, haɗe da abin da ya sake cikin ƴan shekarun nan.

GIRMAN GARIN

Ikko, wadda ake kira Legas, ita ce babban birnin Najeriya har 1991, lokacin da gwamnati ta ƙaura Abuja. Kasuwanci bai ƙaura ba. Mutanen da ke cikinta sun wuce miliyan 15. Ƙidayar da anka yi a Nijar a 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ƴan kai. Ke nan gari guda ya kusa ɗaukar yawan mutanen Nijar na wancan lokaci. Mafi yawan garin shina kan tudu, wani ɓangare kan tsibirai, gadoji ne ke haɗa su. Gada ta uku, wadda anka buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12, duk bisa ruwa.

Magidancin nan shina cewa baƙo ko da ido makaho ne. Mutum na iya yin wata 6 a unguwa guda bai ga teku ba. Wanda ya ce za shi tambayi "gidan wane mutumen Mayahi" a bakin tasha, dariya za a yi mishi.

TAKARDU

Abu na farko shi ne katin shaidar ɗan ƙasa mai hoto, wanda wa'adinshi bai ƙare ba. Wanda ba shi da takardar haihuwa shi fara nemanta tun kaka, don sai da ita ake yin katin. Abu na biyu shi ne katin allurar rigakafin shawara, mai launin ɗorawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura guda ta isa har ƙarshen rayuwa. A adana katin kar shi ɓace.

A 1979 ƙasashen CEDEAO sunka sa hannu a Dakar cewa ɗan wata ƙasarsu na iya shiga wata shi yi kwana 90 ba tare da biza ba. Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sunka fita daga ƙungiyar. A lokacin CEDEAO ta ba da sanarwa cewa za a ci gaba da karɓar takardun mutanensu, su shiga su fita, har sai an sake shawara. Magana irin wagga tana iya sakewa. Saboda haka a tambayi hukuma kafin a tashi, a saurari rediyo. A Najeriya, ofishin jakadancin Nijar shina Abuja, akwai kuma ƙaramin ofishi a Kano.

Ranin farko da magidancin ya tafi, wani abokin tafiyarsu bai da ko takarda guda. A kowane shinge sai a sauke shi. Kafin su ƙetare kogin Kwara guzurinshi ya ƙare, har agogonshi ya bari a hanya. Kuɗɗin da ya kashe ya ninka kuɗɗin katin sau da yawa.

A naɗe takardu cikin leda, a sa su aljihun ciki. A ɗauki hotonsu da salula, a bar wa wani na gida.

HANYA

Mutumen Mayahi shina fitowa Cadawa shi hau babbar hanya. Mutumen Tasawa shina bi ta Gazawa da Agye. Daga Maraɗi sai Ɗan Isa, sai Jibiya, sai Katsina. Wasu na gabas, wajen Korgom da Hawan Dawaki, sun fi son yanke wa ta Daura zuwa Kano. Daga Kano zuwa Ikko akwai kimanin kilomita 1000, ta Zariya da Kaduna da Ilori da Badun. Daga gida zuwa can a lissafa kwana 2 ko 3. An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, mai tsawon kilomita 284, amma mai tafiya bana mota za shi lissafa.

Iyaka ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, shekarun yunwar da mutanen Maraɗi ke kira El Buhari. Ta sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An kuma rufe bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai Maris 2024 anka buɗe. Wanda ya bi ɓarauniyar hanya ya sa kanshi hannun ƴan fashi, ba shi kuma da wurin kai ƙara.

Magidancin shina ja wa samari kunne kan abu 3. Na ɗaya, a shiga mota cikin tasha, wurin da ake rubuta sunan fasinja, kar a tsaida ta bakin hanya don arha. Na biyu, wajen Jibiya da dazukan Katsina da Kaduna a wuce da rana, don masu satar mutane sun addabi yankin. Na uku, kar a hau bisa kayan tirela ko bisa shanu. Arha gare ta, amma in ta faɗi ba ta barin kowa.

Kar a ɗauki takobi, ko baka, ko bindigar toka. Abin da ke ado a ƙasar Mayahi, a kudu tsoro yake sawa. A Maris 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an kashe matafiya 16 ƴan arewa, mafarauta, bayan an ga bindigogin farauta cikin motarsu.

MASAUKI

Kar mutum shi bar gida sai shina da mai masauki. A rubuta sunanshi, da sunan unguwa, da lambar wayarshi a takarda, ban da wadda ke cikin salula. Salula tana mutuwa, ana kuma sace ta. A kira shi tun daga Badun, shi zo tasha shi tarbi baƙo.

Hausawa sun daɗe a Ikko. Agege tsohon zango ne, tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, kuma akwai Sarkin Hausawa. Akwai Idi-Araba, akwai Obalende, akwai kasuwar Mayil 12 inda ake sauke albasa da tumatur da tattasai daga arewa. A waɗannan wurare mutum na jin Hausa kamar shina Tasawa. In an isa, mai masauki shi kai baƙo wurin shugaban ƴan Nijar na unguwa, a san da zuwanshi. Ranar da anka kama shi, ko ya kwanta ciwo, su ne danginshi.

Ɗaki shina da tsada, masu gida kuma sukan nemi kuɗɗin shekara gaba ɗaya. Shi ya sa ƴan gari guda ke haɗuwa su kama ɗaki guda. Kwanan ƙarƙashin gada yana jawo kamu da sata da ciwon ƙirji.

YAWO CIKIN GARI

Ƙananan motocin haya masu launin ɗorawa sunansu danfo. Karen mota ne ke ƙwala sunan wurin da za su: Oshodi, Ojota, Obalende. Da sauri yake faɗi, sai an kasa kunne. A tambayi kuɗɗi kafin a shiga, a kuma riƙe canji. Akwai manyan motocin gwamnati da ake kira BRT tun 2008, da kati ake biyansu. Tun 2024 akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke tsayawa Agege. Wanda ya iya karatu shina duba allon mota da sunan titi da kanshi, ba shi tsayawa tambayar kowa.

Akwai motar ɓarayi da mutanen Ikko ke kira wan-cans. Kamar danfo take, da fasinjoji ciki, alhali duk bakinsu ɗaya. Da asuba da kuma dare suka fi yawo. Magidancin ya ga wani mai ga-ruwa da sunka tafi da kuɗɗin watanshi 3, sunka tura shi waje mota tana gudu. Maganinta guda ne: a shiga mota a tasha.

Inda anka yi gadar ƙafa bisa babban titi, a bi ta. Ana kama wanda ya ƙetare ta ƙasa. Faransanci ba shi da amfani a can. Yarbanci ake yi da Turancin buroka. Kalma 3 suna buɗe ƙofa: "e karo" ina kwana ke nan, "e she" na gode, "elo ni" nawa ne.

SANA'A

Samari da yawa suna mafarkin kabu-kabu, wanda can ake kira okada. To, a sani. Ran 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar ta hana shi ƙwata-ƙwata a ƙananan hukumomi 6, cikinsu har da Ikeja da Surulere da Apapa. A Satumba na wannan shekara ta ƙara 4: Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe, inda kasuwar Mayil 12 take. Baburan da anka kama, an sha murƙushe su a bainar jama'a. Wanda ya saida tumakin matarshi ya sayi babur, shina iya rasa shi rana ɗaya. Talla bisa manyan tituna ita ma an hana, ma'aikata na kwashe kaya.

Abin da ya fi lafiya shi ne sana'ar da ke da wurin zama da shugaba: dako cikin kasuwa, tsire, shayi, gyaran takalmi, gadi. Mai gadi shi yi magana a fili tun farko, nawa ne wata, wace rana ake biya, a gaban shaida. In an iya a rubuta. Kar a ba maigida katin ɗan ƙasa shi riƙe. Kar kuma a karɓi ajiyar ƙunshin da ba a san cikinshi ba, ko na ɗan gari guda ne.

Makiyayi mai son kai bisashe shi fara tambayar farashi ta waya. Babbar mahautar garin tana Oko-Oba, cikin Agege. Shi cire kuɗɗin mota, da na shingaye, da la'adar dillali, da abincin dabba, sa'an nan shi gwada da farashin kasuwar gida. Shi tambayi doka kuma, don a 2025, gab da Layya, gwamnatin Nijar ta hana fitar da bisashe waje.

LAFIYA

Ruwan saman da ke sauka Ikko ya ninka na Mayahi fiye da sau 3. Sauro ba shi da rani a can. Gidan sauro shi ne kaya na farko cikin jaka. In zazzaɓi ya kama, a je asibiti a yi gwaji, kar a tsaya ga mai tallan ƙwayoyi. A Yuni 2024 amai da zawo ya ɓarke a garin, ya kashe mutane. A kula da ruwan sha, a wanke hannu da sabulu.

Akwai ƙwayar taramol da masu aikin ƙarfi ke sha don kar su gaji. Tana cin kuɗɗi, tana cin hankali. Akwai kuma ciwon sida da sauran ciwon zamani. Wanda ya ɗauko can, matarshi za shi kawo wa.

Teku kuwa ba tabki ba ne. Wanda ya iya iyo a tabkin gari ko cikin Gulbin Kaba lokacin damana, kar shi ɗauka ya iya teku. Igiyar ruwa tana zuwa ta sama, tana komawa ta ƙasa, ta janye rairayi ƙarƙashin ƙafa, ta tafi da mutum. A tsaya nesa a yi kallo, ya isa.

ƘETAREN TEKU

Wata rana wani yaro ya tambayi magidancin mi ke bayan wanga ruwa. Bayanshi akwai ƙasar Burazil, cikin Amurka ta Kudu. Akwai wani babban birni a bakin tekunta mai suna Salbado, a jihar Bahiya. Hausawa sun riga sun je can, amma cikin sarƙa. Lokacin yaƙe-yaƙen da sunka fara a 1804, an kama mutane da yawa, anka gangara da su bakin teku, anka saida su ga jiragen bayi a Ikko da Wida. A Bahiya sun yi noman rake da dako. Ba su yarda da bauta ba. A 1807 an gano shirin tawaye na Hausawa. A 1814 sunka tashi. A Janairu 1835, cikin watan azumi, Musulmin garin, Yarbawa da Hausawa, sunka yi babban tawaye. An sami layu da rubutun Larabci a jikinsu. Bayan haka da yawa sunka komo Afirka. Zuri'arsu na nan tsibirin Ikko, unguwar Popo Aguda. Masallacin Shitta-Bey da anka buɗe a 1894 ginin irin na Burazil ne. Sai a 1888 Burazil ta hana bauta. Har yau mata na soya ƙosan wake da manja a titunan Salbado, suna kiranshi akaraje.

Mai son zuwa can yau sai da fasfo da biza da kuɗɗin jirgin sama, kuma yaren Fotugis ake yi. Akwai masu ruɗin samari a bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa, wai a ɓoye cikin jirgi a tafi Turai. A 2023 ƴan Najeriya 4 sunka laɓe wajen matuƙin wani jirgi daga Ikko. Sun yi kwana 14 bisa ruwa, abinci ya ƙare, har ruwan gishiri sunka sha. Da anka ceto su sai sunka ga ashe Burazil jirgin ya kai su, birnin Bitoriya. Su an gan su. Waɗanda sunka faɗa ruwa ba mai ba da labarinsu.

KUƊƊI

A farkon shekarun 1980 naira 1 ta fi dalar Amurka 1. A farkon 2023 dalar Amurka 1 tana kusan naira 460 a banki. A 2024 ta wuce naira 1500. Sefa kuwa ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 656 ne. Ma'ana, ɗan cin rani na iya tara naira cike da jaka, in ya canza ta zama ƴan jikkuna kaɗan. Kafin a tafi a yi lissafi da sefa: nawa aikin ke kawowa a wata, nawa ci da ɗaki da mota ke ɗauka, tiya nawa ta hatsi saura za shi saya a gida.

Kar a binne naira. A Afrilu 1984 an canza takardun kuɗɗin Najeriya iyaka tana rufe, mutane da yawa wannan gefe sunka tashi da takardun banza. A farkon 2023 ma canjin takardu ya sa kuɗɗi sun yi wuya, mai shayi da mai dako sunka sha wahala. Dabarar magidancin ita ce aikawa gida kaɗan-kaɗan, kowane wata, ta hannun amintacce ko gidan aika kuɗɗi mai ba da takarda. In kuɗɗin sun isa da kaka ko farkon rani, a sayi hatsi tun shina da arha, ko ƴar akuya. Mai canji kuma a ƙirga a gabanshi, a sake ƙirgawa.

ZAMA DA MASU GARI

Baƙo shi san baƙo ne. An yi faɗan ƙabilanci a Idi-Araba a 2002, an yi a Mayil 12 a 2016, an rasa rayuka. Sau da yawa ƙaramar gardama ce ke tada shi. In rigima ta tashi, a bar wurin. Kar a shiga zanga-zanga ko siyasar ƙasar mutane. Dattawa na tuna korar baƙi da Gana ta yi a 1969, da wadda Najeriya ta yi a 1983, inda mutane sunka baro kayansu. Saboda haka a ajiye kuɗɗin motar komowa gefe guda, kar a taɓa su ko ana yunwa.

KOMOWA

Kafin a tafi a duba rumbu tare da uwargida, a san wata nawa za shi kai. Kar a jinginar da gona don kuɗɗin mota. Kar a cire yaro daga lakkwal a tafi da shi.

Ruwa na fara sauka Ikko tun Maris ko Afrilu, aiki na daɗi, sai mutum shi ce bari in ƙara wata guda. Nan ne da yawa ke faɗuwa. A ƙasar Tasawa da Mayahi ruwan shibka na iya sauka ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, kuma ba shi aiko da manzo. Gona na son shara, da kai taki, da gyaran sassabe, da tanadin iri. Wanda ya rasa shibkar fari ya rage dammanshi da hannunshi, baɗi kuma dole shi tafi da wuri, shi daɗe. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A sa ranar komowa tun ranar tashi, a faɗa wa iyali, a rubuta ta. Watan Mayu shi iske kowa cikin gonarshi.

Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su lafiya, shi ba da damana mai albarka.